Darasi na 7: Jakar Mai Zuwa Aiki a Keke

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. auna cikin jaka da lita, ya gane ko za ta ci kayan da yake fita da su kullum;
2. lissafa nauyin da ya kamata ya goya da wanda ya kamata ya ɗora wa kariyar keke;
3. gwada zaman jaka a jikinsa kafin ya biya kuɗi;
4. bambanta jakar da ke jure yayyafi da wadda ruwa ba ya ratsa ta;
5. bayyana abin da ke sa direba ya hango mai keke da dare.

Gabatarwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kekunan da suka daɗe a jingine a zaure suka dawo kan titi. Da sassafe a Kano za ka ga ma'aikatan kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Chalawa, da malaman makaranta, da masu gadi, da ɗalibai, kowa na murza feda. Da wuya ka ga wanda ya fito hannu rabbana. Wani ya rataya leda a hannun keke, wani ya saɓa jaka a kafaɗa guda, wani kuma ya goyo ƙatuwar jaka tana lilo a bayansa.

Mai tafiya a ƙasa idan jakarsa ta zame sai ya tsaya ya gyara. Mai keke kuwa hannuwansa biyu na kan birki, ga Adaidaita Sahu a dama, ga mota a hagu. Shi ya sa zaɓen jaka a wurinsa ya wuce maganar ado, ya shafi lafiyar bayansa da tsaron ransa. Abin da za mu koya a nan ya shafi iyaye ma, masu saya wa 'ya'yansu jakar zuwa makaranta a keke.

1. Girman jaka

Mutane da yawa sukan je kasuwa su ga jaka ta burge su, su saya, sai sun dawo gida sannan su fara tunanin abin da za su zuba a ciki. Kai kuwa ka fara da kayanka. Shimfiɗa tabarma ka jera duk abin da kake fita da shi ranar aiki: kwanon abinci, gorar ruwa, takardu, cajar waya, rigar canji, famfo da kayan faci idan kana ɗauka. Abin da sai wata-wata kake ɗaukarsa, cire shi daga lissafi. Tarin da ya rage a gabanka shi zai faɗa maka girman jakar da kake bukata.

Masu yin jaka suna auna cikinta da lita, kamar yadda ake auna ruwa ko mai.

> Akwatin ma'ana
> Lita: ma'aunin abin da cikin mazubi zai iya ci. Ruwan leda biyu lita ɗaya ne. Babbar jarkar 'yan ga-ruwa tana cin lita 25.
> Jakar goyo: jaka mai igiya biyu da ake ratayawa a kafaɗu biyu, ta kwanta a baya.

Wasu jakunkuna an rubuta litarsu a jiki, wasu babu. Idan babu, tef ɗin tela ya isa. Auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, ka ninka su da juna, ka raba da 1,000.

*Misali na 1.* Wani maigadi ya auna jakar da yake so ya saya. Tsawonta santimita 45, faɗinta 28, kaurinta 16.
45 × 28 = 1,260
1,260 × 16 = 20,160
20,160 ÷ 1,000 = lita 20 da ɗan kai.
Da yake jaka ba akwati ba ce, kusurwoyinta a lanƙwashe suke, ainihin abin da za ta ci zai ɗan yi ƙasa da haka, wajen lita 18. Kayansa su ne tocila, rigar sanyi, kwanon abinci da gorar ruwa. Wannan jaka ta ishe shi har da rara.

Jaka mai lita 15 zuwa 25 ta wadaci mafi yawan masu zuwa aiki. Idan kana ɗaukar takardun ofis, tsawonsu ya kusa santimita 30, faɗinsu 21, saboda haka cikin jakar ya ɗara haka don kada gefensu ya tanƙware. Wadda ta haura lita 30 kuwa ta matafiyi ce. Idan ba ta cika ba kayan ciki za su riƙa kai-kawo, idan ta cika ta yi nauyi, kuma ɗan Adam duk inda ya ga sarari sai ya nemo abin da zai cusa. Ka sayi mafi ƙanƙantar jakar da za ta ci kayanka na kullum.

2. Nauyi

Shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bai wa 'yan makaranta ita ce kada jaka ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikin mai ita. Mai keke ya riƙi ƙaramin adadin, wato kashi 10, domin a sunkuye yake tafiya, kuma duk ramin da taya ta faɗa nauyin jakar kan sauka a gadon bayansa da wuyan hannunsa da mazauninsa.

Ba sai kana da sikeli za ka ƙiyasta ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Buhun ruwan leda mai guda 20 kilo 10 ne. Bandir ɗin farar takarda mai guda 500 kilo biyu da rabi ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta sukan kai kilo biyu zuwa uku.

*Misali na 2.* Wani malamin firamare nauyinsa kilo 65. Kashi 10 cikin 100 na 65 shi ne kilo 6.5. Ga abin da yake goyowa ranar da zai kai littattafan ɗalibai gida don dubawa:
kwamfuta da caja, kilo 2.5
kwanon abinci, kilo 1
gorar ruwa mai lita ɗaya, kilo 1
littattafan rubutu 40, kilo 4
jakar ita kanta, kilo 1
Jimla kilo 9.5. Ya zarce da kilo 3. Idan ya sa littattafan a leda ya ɗaure su a kariya, wato ƙarfen da ke saman tayar baya, abin da ya rage a bayansa kilo 5.5 ne, ya koma cikin iyaka. Kwamfutar ce ya kamata ta zauna a baya, saboda jikin mutum yana shanye girgizar hanya, kariya kuwa kai tsaye take miƙa wa kaya duk dukan da taya ta sha.

Tsarin zuba kaya ma yana da ƙa'ida. Mai nauyi ya kwanta a ɓangaren da ke taɓa bayanka, mara nauyi ya koma waje. Abu mai tsini ko tauri, irin su sifana da makulli da bakin kwano, kada ya kasance daidai ƙashin baya. Idan aka faɗi, Allah ya kiyaye, a kansa za a faɗa.

3. Zaman jaka a jiki

Nan ne gundarin darasin. Jakar mai keke ta gari ita ce wadda ba ta motsi sai jikinsa ya motsa.

Ga dalili. Idan ka kama birki, keke ya rage gudu, kayan da ba a ɗaure ba suna ci gaba da tafiya, sai jakar ta taso ta bugi ƙeya. Idan ka sha kwana, jaka mai sako-sako takan zame gefe guda ta ja ka can, a daidai lokacin da kake buƙatar daidaito. Kilo biyar da ke manne da baya bai kai kilo uku mai lilo wahala ba.

> Akwatin ma'ana
> Igiyar kafaɗa: igiyoyi biyu masu soso da ke ɗauke da jaka.
> Igiyar ƙirji: 'yar siririyar igiya da ke haɗa igiyoyin kafaɗa biyu a kan ƙirji don kada su buɗe.
> Igiyar ƙugu: wadda ake zagayawa a ƙugu don gindin jaka ya daina lilo.

Igiyar kafaɗa ta zama mai faɗi, kamar yatsu uku a jere, da soso a ciki. Siririya takan nutse cikin tsoka, kafin ka isa wurin aiki hannu ya fara yin sanyi. Igiyar ƙirji ƙarama ce a ido, amma aikinta ya fi girmanta. Mai keke yana miƙa hannuwansa gaba, wannan miƙewar ce ke tura igiyoyin kafaɗa waje, ita kuwa ta ƙirji tana riƙe su a wurinsu. Idan jakar da ka samu ba ta da ita, baduku ko mai gyaran takalmi zai ɗinka maka da ɗan kuɗi kaɗan. Igiyar ƙugu siririya ta wadatar. Mai kauri irin ta masu hawan dutse takan tokare ciki idan aka sunkuya.

Tsawon jaka kuma ya dace da tsawon bayanka. Samanta kada ya haura kafaɗa, gindinta kada ya sauka ƙasa da ƙugu. Idan ta yi sama da yawa za ta hana ka ɗaga kai, mai hular kwano kuwa za ta riƙa turo masa hular tana rufe ido. Idan ta yi ƙasa za ta riƙa dukan sirdi ko kayan da ke kariya. Faɗinta ma kada ya wuce faɗin kafaɗunka, domin kafin ka tsallaka titi dole ka waiwaya, kuma abin da ya kamata ka gani shi ne motar da ke tafe.

Sai jelar igiya. Bayan ka ja igiyoyi sun yi daidai, sauran da ke reto a naɗe shi a ɗaure da roba. Doguwar jela tana iya shiga wayoyin taya ko sarƙa, kamar dai yadda bakin doguwar riga ke yi idan ba a tattare shi ba.

Abubuwa biyu ne wannan darasi ba zai yi musu sassauci ba. Na farko jaka mai igiya ɗaya da ake saɓawa a kafaɗa: tana zagayowa gaba ta faɗo kan gwiwa, mai ita ya saki hannu ɗaya yana mayar da ita, sau da yawa a tsakiyar cunkoso. Na biyu leda ko jaka a rataye a hannun keke. Tana jan kan keken gefe guda, kuma ranar da ta shiga tayar gaba, tayar tsayawa za ta yi cak, mahayin ya wuce ta sama. Wanda ya saba yin haka shekara da shekaru lafiya, ya gode wa Allah, ya daina.

4. Zafi, gumi da kariya

A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40. Duk jakar da aka goya a irin wannan yanayi sai ta jiƙa baya da gumi. Masu bayan raga, da masu soso biyu a tsaye da kwari a tsakaninsu don iska ta bi, suna rage abin, amma ba sa hana shi. Kada mai sayarwa ya ce maka akwai jakar da ba ta sa gumi.

Maganin gaskiya shi ne a sauke nauyin daga baya a ɗora wa keke. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix da aka sani a ƙasar Hausa suna da kariya mai ƙwari. Kariyar kekunan zamani ba ta kai tasu ba, da yawa an rubuta iyakar kilo 25 a jikinsu, wasu kekunan gwanjo ma ba su zo da ita ba sam, sai an saya an ɗaura.

> Akwatin ma'ana
> Kariya: ƙarfen da ke saman tayar baya, inda ake ɗaure kaya.
> Jakar mangala: jakunkuna biyu a haɗe da ake ɗorawa a kan kariya, ɗaya ta sauka dama ɗaya hagu, irin yadda ake yi wa jaki mangala.

Jakar mangala tana sauke nauyi ƙasa kusa da taya, keke ya ƙara natsuwa a kan hanya. Mai ɗinkin tamfol zai iya yi maka ita. Ka gaya masa ya sa wani abu mai tauri a ɓangaren da ke kallon taya don kada ta lanƙwashe ta shiga wayoyi, kuma ya ja ta baya yadda diddigenka ba zai riƙa taɓa ta ba. Nauyin dama da na hagu su yi kusan daidai. Wanda tafiyarsa ta wuce rabin awa, ko kayansa suka haura iyakar da muka lissafa, jakar mangala ta fi masa. Jakar goyo ta fi dacewa da gajeriyar tafiya, da kaya masu daraja, da mutumin da zai ajiye keke ya shiga kasuwa ko ofis da jakarsa a jiki.

5. Ruwan sama da ƙura

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, hadari kan taso ba sallama. Yawancin jakunkunan da ke kasuwa yayyafi kawai suke jurewa.

> Akwatin ma'ana
> Mai jure yayyafi: jakar da aka shafa wa yadinta roba ta ciki, ruwa kaɗan kan gangare, amma mai ƙarfi yana shiga ta zif da ramukan ɗinki.
> Mai hana ruwa: jakar da aka yi da yadi irin na tamfol, aka liƙe gaɓoɓinta da zafi maimakon allura, ana naɗe bakinta sau uku a ɗaure.

Mai hana ruwa ta fi tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Wanda bai samu ba ya sa babbar leda mai kauri a cikin jakarsa, ya zuba kaya a ledar, ya murɗe bakinta. Waya da takardun shaida su samu tasu ƙaramar ledar daban. Wannan dabara ba ta cin kuɗi, kuma tana aiki sosai.

Akwai ruwan da ake mantawa da shi, wato na ƙasa. Keken da babu murfi a saman tayarsa ta baya yana watso ruwan titi da taɓo daidai gindin jaka, ko da sama ta ɗauke. A gindin nan ne kuma littafi da kwamfuta suke zama. Ka sa wa tayar murfi, kuma ka fifita jakar da aljihun kwamfutarta bai kai har ƙasa ba.

Da hunturu abokin gaba shi ne ƙura, zif take fara kashewa. Ka riƙa goge haƙoransa da tsohon buroshin goge baki, ka goga musu kyandir. Man girki ko baƙin mai kuwa ƙara tara ƙura suke yi.

6. A gan ka

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mai fita bayan asuba ko mai dawowa bayan magariba, abin da direban da ke bayansa zai fara gani shi ne jakarsa. Ko farar riga ka sa, baƙar jaka ta rufe ta. Zaɓi launi mai haske, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, mai ɗauke da ƙyalle mai mayar da haske irin na rigar jami'an kiyaye haɗurra. Gwajinsa mai sauƙi ne: a wuri mai duhu ka kunna fitilar waya, ka riƙe ta kusa da idonka ka haska jakar daga nesa. Na gaske zai yi wal, na ado ba zai yi ba. Ƙyallen sai an haska shi yake aiki, don haka bai ɗauke maka farar fitila a gaba da ja a baya ba.

7. A kasuwa

Ko a Sabon Gari za ka sayi sabuwa, ko a Ƙofar Wambai za ka zaɓi ta gwanjo, tafi da kayanka na kullum, in da hali da kekenka. Zuba kayan a ciki, ka goya, ka ja igiyoyi. Sunkuya kamar kana riƙe da keke, ka ɗaga kai, ka waiwaya dama da hagu, ka girgiza jiki. Idan ta yi lilo ko ta tokare ƙeya, mayar wa mai sayarwa.

Sannan ka juya cikinta waje. Inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jikin jaka nan ne ke fara tsinkewa, ka ja shi da ƙarfi ka ga ko an maimaita ɗinki a wurin. Zuge kowane zif ka mayar sau da yawa. Mai manyan haƙora ya fi ƙarko. A ta gwanjo ka shafa cikin yadin: idan robar tana ɓarewa ko tana danƙo a hannu, ta gama tare ruwa. Ka nemi aljihu na ciki, ta wajen baya, don waya da kuɗi, saboda aljihun waje a cikin cunkoso kowa na iya zuge shi ba ka sani ba.

*Misali na 3.* A ce jaka ta farko naira 6,000 ce, tana yin wata 6 ta yage. Ta biyu naira 18,000, tana yin wata 24.
6,000 ÷ 6 = naira 1,000 a wata
18,000 ÷ 24 = naira 750 a wata
A shekara biyu mai sayen ta farko zai saya sau huɗu, ya kashe naira 24,000, ya ɗara mai sayen ta biyu da naira 6,000. Wannan ba ya nufin duk mai tsada ce mai kyau. Sau da yawa ta gwanjo mai ƙwarin ɗinki ta fi sabuwa mai ƙyalƙyali, kuma hannunka da idonka ne za su raba maka gardama.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ake so ka jera kayanka kafin ka je sayen jaka?
2. Jaka tana da tsawon santimita 40, faɗi 30, kauri 15. Lita nawa za ta ci?
3. Yarinya mai nauyin kilo 40 tana zuwa makaranta a keke. Kilo nawa ne iyakar abin da ya kamata ta goya?
4. Mene ne aikin igiyar ƙirji? Wa zai iya ɗinka maka ita idan jakarka ba ta da ita?
5. Kawo haɗari biyu da ke cikin rataya leda a hannun keke.
6. A Misali na 2, don me aka bar kwamfuta a baya aka mayar da littattafai kariya?
7. Bambanta jaka mai jure yayyafi da mai hana ruwa. Ta ina ruwa ke shiga ta farkon?
8. Yaya za ka gane ƙyalle mai mayar da haske na gaske?
9. Wata jaka naira 9,000 ce tana yin wata 10, wata kuma naira 16,000 tana yin wata 20. Wacce ta fi sauƙi a wata, kuma da nawa?

Aikin gida: Ka zo aji na gaba da jakar da kake amfani da ita, ko ta ɗanka, da kayanta a ciki. Za mu auna litarta da nauyinta, kowa ya gwada ta abokin zamansa ya faɗi gyara ɗaya da take buƙata.